Kalmomin Sulhu a Turanci: Mu San Abin da Muke Sa wa Hannu

A Hausa muna da kalma ɗaya mai ɗaukar kaya da yawa, wato sulhu. In mata da miji suka shirya, mu ce sun yi sulhu. In manomi da makiyayi suka daidaita a kan gonar da shanu suka ci, mu ce sulhu. In ƙabilu biyu suka ajiye makamai, nan ma sulhu. Turanci kuwa ya rarraba wannan kaya, ya ba kowanne sunansa, kuma kowane suna yana da nasa nauyi a gaban hukuma da kotu.

Wannan ya shafe mu ƙwarai. A Jos, Kaduna, Kafanchan, Yola ko Jalingo, yawancin zaman sasantawa da Hausa ake yin sa, amma takardar da za a sa wa hannu a ƙarshe da Turanci ake rubuta ta. Fasto ko dattijon ikilisiya ko shugabar Zumuntar Mata yakan sa hannu a madadin ɗaruruwan mutane. Idan abin da aka faɗa da baki ya bambanta da abin da ke rubuce, rubutun ne hukuma za ta bi. Shi ya sa muka ga ya dace mu bi waɗannan kalmomi ɗaya bayan ɗaya.

Sunan da aka ba rigimar

Tun kafin a zauna, sunan da aka kira matsalar da shi ya riga ya fara yanke hukunci. "Disagreement" saɓanin ra'ayi ne kawai, irin wanda yakan faru a taron majalisar ikilisiya. "Dispute" gardama ce a kan wani abu takamaimai da za a iya nunawa: iyakar gona, gādo, bashi, ko kujerar sarauta. "Conflict" ya fi zurfi, domin ya haɗa da tsohuwar gaba, da tsoro, da rashin yarda, ko da ba a kai ga zub da jini ba. Ana iya warware "dispute" a yini ɗaya, "conflict" ɗin da ya haife shi yana nan kwance.

Mu lura da "clash" da "attack". "Clash" arangama ce, ma'ana ɓangarori biyu sun gwabza. "Attack" hari ne, wani ya auka wa wani. "Reprisal" kuma ramuwar gayya ce. Idan an shigo wa ƙauye cikin dare mutane suna barci, aka rubuta "clash", an raba laifin biyu ke nan tun kafin a yi bincike. Haka kuma idan matasanmu ne suka tare hanya suka taɓa matafiyan da ba su san hawa ba, ba su san sauka ba, gaskiya ta bukaci mu yarda a rubuta "attack" ko "reprisal", kada mu ɓoye a bayan "clash". Ma'auni ɗaya za mu riƙe, ko a kanmu ko a kan wasu.

"Grievance" shi ne koke ko ƙorafin da ke cin mutum a rai. "Parties" su ne ɓangarorin da ke cikin rigimar. "Trigger" shi ne abin da ya kunna wutar a ranar, "root cause" kuma tushen matsalar. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga: ƙadangaren shi ne "trigger", tsagewar bangon ita ce "root cause".

Wa ke da ikon yanke magana?

Akwai hanyoyi da dama na kashe rigima, kuma tambaya ɗaya ce ke bambanta su: a hannun wa hukunci yake?

"Dialogue" tattaunawa ce don a fahimci juna, ba lallai a fito da wata matsaya ba. "Negotiation" kuwa zama ne na masu rigimar da kansu, kowa ya faɗi abin da yake so, a yi ciniki har a daidaita. Misalinsa yana cikin Farawa sura 13, sa'ad da makiyayan Ibrahim da na Lutu suka yi ta faɗa a kan wurin kiwo. Ibrahim ya zauna da ɗan ɗan'uwansa, ya bar masa zaɓin ƙasa. Abin da Ibrahim ya yi shi ne "concession", wato sakin wani haƙƙi don a zauna lafiya. Idan kowane ɓangare ya saki wani abu, shi ne "compromise". Mu kula, a wa'azi mukan ji wannan kalma da mummunar ma'ana, wato sassauta bangaskiya don a faranta wa duniya rai. A teburin sasantawa ma'anarta mai kyau ce: kowa ya rage, a haɗu a tsakiya.

"Mediation" shiga tsakani ne. "Mediator" shi ne mai shiga tsakani, wanda Littafi Mai Tsarki na Hausa ke kira matsakanci a 1 Timoti 2:5. A zaman sasantawa aikinsa shi ne ya taimaki ɓangarorin su saurari juna, su nemo mafita da kansu. Ba shi da ikon tilasta wa kowa, kuma kafin a sa hannu kowane ɓangare yana iya tashi ya tafi. Irin wannan aiki ne Fasto James Wuye da Imam Muhammad Ashafa suka shahara da shi. A da abokan gāba ne a rikicin Kaduna, daga baya suka haɗa kai tun 1995, suka kafa cibiyar shiga tsakani ta mabiya addinai biyu, suka kuma taimaka wajen sasanta mutanen Yelwa da Shendam a Jihar Filato bayan kashe-kashen 2004. "Conciliation" kusan haka yake, sai dai shi "conciliator" yakan kawo tasa shawarar yadda za a daidaita, a karɓa ko a ƙi.

"Arbitration" dabam yake, kuma a nan mutane da yawa ke faɗawa rami. Ɓangarorin ne ke zaɓar mai raba gardama, wato "arbitrator", amma da zarar sun miƙa masa maganar, hukuncinsa ya hau kansu. Ana kiran wannan hukunci "award", kotu kuma tana iya tilasta a bi shi. Ba a ɗaukaka ƙara don kawai mutum bai ji daɗin sakamakon ba. Dalilan da za su sa kotu ta soke shi kaɗan ne, lokacin neman sokewar kuma wata uku ne. A Najeriya dokar da ke kula da wannan ita ce ta shekarar 2023, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a watan Mayu na shekarar, ta maye gurbin tsohuwar dokar 1988. Saboda haka idan ikilisiya za ta ba ɗan kwangila aikin ginin majami'a, aka ga kalmar "arbitration" a cikin takardar, a sani cewa an amince ke nan in rigima ta taso, wurin mai raba gardama za a je.

"Litigation" shi ne zuwa kotu, inda alƙalin gwamnati ke yanke hukunci. Duk hanyoyin da ke kauce wa wannan ana haɗa su a kira su ADR a taƙaice. Wasu manyan kotuna suna da sashe na musamman don wannan, mai suna "Multi-Door Courthouse", wato kotu mai ƙofofi da yawa. Legas ce ta fara buɗe irinsa a 2002, Abuja da Kano suka biyo baya. Wanda ya karanta 1 Korintiyawa sura 6, inda Manzo Bulus ya tsawata wa masu bi don suna kai juna ƙara, zai ga amfanin sanin waɗannan ƙofofi.

Tsayar da faɗa da ƙarewar gāba

"Ceasefire" tsagaita wuta ce, "truce" ma kusan haka, sau da yawa na ɗan lokaci don a binne matattu ko a yi girbi ko a fara magana. "Armistice" yarjejeniyar dakatar da yaƙi ce tsakanin rundunoni. Babu ɗaya cikinsu da ke nufin an shirya. Yaƙin Koriya ya tsaya da "armistice" a ranar 27 ga Yuli 1953, amma har yau Koriya ta Arewa da ta Kudu ba su ƙulla yarjejeniyar zaman lafiya ba, sojoji na nan jibge a kan iyaka. Unguwar da aka daina harbi amma Kirista ba ya iya kwana a wancan gefe, Musulmi ba ya iya kwana a wannan, tana cikin irin wannan hali.

Takardun da ake fitarwa ma suna da daraja hawa-hawa. "Communiqué" sanarwar bayan taro ce, tana faɗin abin da aka tattauna. "Declaration" shela ce ta niyya a gaban jama'a. "Memorandum of understanding" takardar fahimtar juna ce, wadda sau da yawa kotu ba ta ɗaukar ta a matsayin alkawari mai ɗaurewa, sai in kalmomin cikinta sun nuna haka. "Agreement" ko "accord" yarjejeniya ce mai sharuɗɗa. Kalmar da za mu nema ita ce "binding", wato mai ɗaure wanda ya sa hannu.

A ranar 22 ga Agusta 2002 shugabannin addini 22, rabi Kirista rabi Musulmi, suka sa hannu a kan shelar zaman lafiya ta Kaduna. Wata uku bayan haka rikicin gasar sarauniyar kyau ta duniya ya ɓarke a garin. Wannan bai sa shelar ta zama banza ba, amma ya koya mana cewa "declaration" mafari ne. A watan Maris na 2016 al'ummomi 29 daga ƙananan hukumomi biyar na Kudancin Kaduna suka sa hannu a kan shelar Kafanchan, duk da haka yankin bai rabu da tashin hankali ba a shekarun da suka biyo. Shi ya sa in an kawo mana takarda, mu nemi kalmomin "implementation", wato aiwatarwa, da "monitoring", wato sa ido. Wa zai yi me, yaushe, da kuɗin wa, wa kuma zai duba?

Ƙananan kalmomi ma suna da haƙori. "Shall" dole ne. "May" yana nufin in an ga dama. "Should" shawara ce. Jimlar da ta ce gwamnati "shall" sake gina gidajen da aka ƙone ta sha bamban da wadda ta ce gwamnati "may consider" yin haka, domin ta biyun ba ta yi alkawarin komai ba.

Tarihin ƙasarmu ya nuna tsadar rashin fahimtar kalma iri ɗaya. A ranakun 4 da 5 ga Janairu 1967 shugabannin sojan Najeriya suka zauna a Aburi ta ƙasar Ghana, suka tashi da murna cewa an daidaita. Da suka dawo gida, Ojukwu ya fahimci an amince kowane yanki ya riƙe kusan dukan ikonsa, ɓangaren Gowon kuwa bai karanta yarjejeniyar haka ba. A watan Yuli yaƙin basasa ya fara, bai ƙare ba sai Janairu 1970.

Kalmomin zuciya

"Regret" da "apology" ba ɗaya ba ne. Wanda ya ce "we regret the incident" yana cewa ne abin bai yi masa daɗi ba, bai ce shi ya aikata ba. Wanda ya ce "we apologise for what we did" ya ɗauki laifin, ya roƙi gafara. Akwai kuma roƙon gafara na bakin leɓe, wanda ke farawa da "if": "I am sorry if you were offended." Wannan ya mai da matsalar kan wanda aka ɓata wa rai, kamar shi ne mai saurin fushi. "Remorse" nadama ce mai ci a zuciya. "Repentance" tuba ce, wato nadama tare da juyowa. Yahuza ya yi nadama, Bitrus ya tuba, kuma mun san ƙarshen kowannensu.

Bambanci mafi girma shi ne tsakanin "forgiveness" da "reconciliation". Gafara abu ne da mutum ɗaya zai iya yi a gaban Allah, ko mai laifin bai zo ba, ko ma ya mutu. "Reconciliation" kuwa sai da mutum biyu. Kalmar daga Latin ta fito, ma'anarta sake haɗa abin da ya rabu. Tana bukatar a faɗi gaskiya, mai laifi ya amsa, a gyara abin da za a iya gyarawa, sannan amana ta sake tsiro a hankali. Ita ce kalmar da fassarar Turanci ke amfani da ita a 2 Korintiyawa sura 5, inda Bulus ya koyar cewa Allah ya sulhunta mu da kansa ta wurin Kristi, ya kuma danƙa mana wannan hidima. Kalmar "atonement" ma, wadda muke ji a kan aikin gicciye, an gina ta ne daga "at" da "one", wato a mai da biyu su zama ɗaya.

Rashin bambanta waɗannan biyu yana jawo cuta a cikin ikilisiya. Akan ce wa matar da mijinta ke dukanta, tun da ta gafarta, sai ta koma ɗaki yau. Akan ce wa gwauruwar da aka kashe mijinta ta rungumi wanda ake zargi a gaban masu ɗaukar hoto. An umurce mu mu gafarta, amma komawa zama tare yana jiran tuba da tabbacin tsaro. Yusufu bai bayyana kansa ga 'yan'uwansa ba sai da ya gwada su, ya ga Yahuza ya miƙa kansa a madadin Biliyaminu. Yakubu da Isuwa sun rungumi juna da kuka a Farawa sura 33, amma Isuwa ya koma Seyir, Yakubu ya nufi Sukkot. Wannan mataki Turanci na kiran sa "coexistence", zaman maƙwabtaka ba tare da cutar juna ba. Bai kai cikakken sulhu ba, amma ba abin rainawa ba ne.

Gyaran ɓarna da yafe hukunci

"Restitution" mai da wa mutum ainihin abinsa ne: gonarsa, shanunsa, gidansa. "Compensation" diyya ce, kuɗi ko kaya a madadin abin da ba zai dawo ba. "Reparation" ya haɗa duka biyun, har da roƙon gafara a fili da gina abin tunawa. Zakka mai karɓar haraji, a Luka sura 19, ya yi alkawarin mayar wa duk wanda ya cuta ninki huɗu, wato ya wuce mayarwa kawai. "Relief" kuwa agaji ne, kamar buhun masara da tabarma. "Ex gratia" kuɗi ne da aka bayar don tausayi, ba tare da amsa laifi ba. Kada a ba mu agaji a rubuta cewa an biya diyya.

"Pardon" yafewa ce da shugaban ƙasa ko gwamna ke yi wa wani mutum, bisa ikon da sashe na 175 da na 212 na kundin tsarin mulkin 1999 suka ba su. Tun kafin wannan kundi, Shugaba Shehu Shagari ya yi wa Ojukwu irin wannan yafewa a 1982, ya dawo daga gudun hijira. "Amnesty" afuwa ce ga jama'a da yawa, galibi da sharaɗi. A 2009 Shugaba Umaru Musa 'Yar'aduwa ya ba tsagerun Neja Delta kwana 60 su miƙa makamai. A Afirka ta Kudu, hukumar gaskiya da sulhu da Akbishop Desmond Tutu ya shugabanta, wadda ta fara sauraron jama'a a 1996, ta gindaya sharaɗin sai mutum ya fayyace dukan abin da ya aikata. Fiye da mutum 7,000 suka nema, waɗanda suka samu ba su kai 1,000 ba. Idan aka yafe ba gaskiya, ba sharaɗi, ba gyara, abin da aka samu shi ne "impunity", wato a yi ɓarna a kwana lafiya. Mu kuma tuna cewa manyan laifuffuka irin su kisan kai da fyaɗe laifi ne ga ƙasa. Iyali na iya gafartawa, amma zaman dattawa ba ya share shari'ar.

Jimlolin da ke ɓuya a ƙasan takarda

"Without prejudice" a saman wasiƙar neman sasantawa yana nufin abin da aka faɗa a ciki ba za a kai shi kotu a matsayin shaida ba in sulhun ya rushe. Wannan kariya ce mai ba mutum damar yin tayi ba tsoro. "Without admission of liability" na nufin mai biyan bai amsa laifi ba. "In full and final settlement" na nufin an rufe maganar ɗungum: wanda ya karɓi kuɗi a kan wannan sharaɗi ba zai dawo gobe ya nemi ƙari ba, ko da ciwon da ya ji ya tsananta. "Waive" sarayar da haƙƙi ne. "Consent judgment" kuwa sasantawa ce da aka kai gaban alƙali ya mai da ita hukuncin kotu, kuma ba a ɗaukaka ƙara a kanta sai da izinin kotu.

Abin da ya kamata mu yi

Matambayi ba ya ɓata. Duk wanda zai wakilci ikilisiya ko al'umma a irin wannan zama, ya nemi a karanta takardar da ƙarfi, a fassara ta layi-layi cikin Hausa ko harshen garin, a gaban kowa. Ya nemi kwafi ya kai wa waɗanda suka aiko shi, ya kuma nuna wa lauya kafin ya sa hannu. Ikilisiyoyinmu ba su rasa lauyoyi da malaman Turanci ba, mu yi amfani da baiwarsu. Jimloli uku sun isa su cece mu daga kuskure mai yawa. "Please explain this word", wato a bayyana mini wannan kalma. "Is this binding on us?", wato wannan ya ɗaure mu? "We need time to consult our people", wato muna bukatar lokaci mu shawarci mutanenmu. Babu abin kunya a cikin ko ɗaya.

Muna kuma roƙon shugabannin Zumuntar Matasa da na Zumuntar Mata su ɗauki waɗannan kalmomi su koyar da su a taronsu, ko biyar-biyar a mako. Ubangijinmu ya sa wa masu ƙulla zaman lafiya albarka, ya kuma umurci almajiransa su haɗa wayo da rashin ɓarna. Sulhun da aka gina a kan kalmar da kowa ya fahimta yadda ya ga dama, shi ne ke rushewa da damina ta farko, sa'ad da shanu suka sake bi ta gefen gona.

Allah na salama ya ba mu hikima da gaskiya a duk inda aka kira mu mu shiga tsakani. Amin.